Raina kotu: ina ikon alƙalin ƙaramar kotu ya tsaya?

Mafi yawan mutanen Zamfara za su rayu har su koma ga Allah ba su taɓa taka Babbar Kotun Jiha da ke Gusau ba. Kotun da suka sani ita ce kotun shari'a ta garinsu, ko kotun majistare idan 'yan sanda ne suka gurfanar da su. Can ake rabon gado, can ake warware rikicin iyakar gona, can mace ke neman khul'i, can ake bin bashin taki da na auduga. A waɗannan ƙananan kotuna ne kuma aka fi jin maganar nan mai faɗar da gaba: "Ka raina kotu." Mutum ya baro gida da safe yana mai ƙara ko mai ba da shaida, kafin azahar yana cikin motar da za ta kai shi gidan gyaran hali. 'Yan uwansa su yi cirko-cirko a harabar kotu suna tambayar juna ko alƙali yana da ikon yin haka.

Yana da shi. Sai dai ikon bai kai yadda jama'a suke zato ba, bai kuma kai yadda wasu alƙalai suke amfani da shi ba. Doka ta ɗaure shi da wuri, ta ɗaure shi da lokaci, ta kuma ƙayyade abin da aka ba da shi domin ya kare.

Wanda bai taɓa zama a ƙaramar kotu ranar shari'ar gado ba zai yi wuya ya gane dalilin ba da wannan iko tun farko. Ɗaki ne guda, 'yan bencina, tagogi cike da kawunan masu kallo. Alƙali na zaune, muhuti na rubutu a gefensa, ɗan sanda ɗaya tal a bakin ƙofa. Dattijuwa ta miƙe za ta ba da shaida kan gonar da mijinta ya bari, sai ɗan kishiyarta ya tashi ya nuna ta da yatsa, ya ce in ta sake buɗe baki za ta gani idan an koma gida. Alƙali ya ce ya zauna, ya ƙi. Ya sake faɗa, ya ƙara ɗaga murya, magoya bayansa na waje suka fara hayaniya. Da a ce sai alƙali ya rubuta wa 'yan sanda takarda, a yi bincike, a shigar da ƙara, kafin a taɓa wannan mutum, da tuni dattijuwar ta haɗiye shaidarta, gonar ta tafi. Saboda irin wannan lokaci ne doka ta yarda alƙali ya tsare mutum nan take. Abin da ake karewa shi ne zaman shari'ar da haƙƙin waccan dattijuwa na ta yi magana ba tare da tsoro ba.

Masana shari'a sun raba raina kotu gida biyu. Akwai wanda ake yi a gaban kotu tana zaune: zagin alƙali, katse zama da hayaniya, yi wa shaida barazana, ƙin amsa tambayar da doka ta wajabta a amsa, ƙin yin rantsuwa. Akwai kuma wanda ake yi a wajenta: rubutu a jarida ko Facebook da nufin karkatar da shari'ar da ke gudana, tare shaida a hanya, ko bijire wa umarnin da kotu ta bayar. Kusan duk ruɗanin da ake samu a ƙananan kotunanmu ya samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyun.

Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1999 ya jero manyan kotuna da sunayensu: Kotun Ƙoli, Kotun Ɗaukaka Ƙara, Babbar Kotun Tarayya, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, manyan kotunan jihohi da na Abuja, da kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci da na al'ada. Waɗannan suna da faffaɗan ikon hukunta raini, na gabansu da na wajensu, a matsayin abin da ke tattare da kasancewarsu manyan kotuna. Kotun majistare da kotun shari'a ta gari ba sa cikin jerin. Dokar jiha ce ta kafa su. A nan arewa kotunan alƙalai na En'e ne suka rikiɗa suka zama kotunan yanki a 1968. A Zamfara kuma, bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau cikin Oktoban 1999, kotunan yankin suka koma kotunan shari'a masu mataki uku, kundin hukunta laifuka na shari'a ya fara aiki ranar 27 ga Janairun 2000. Kotun da doka ta haifa, hurumin da dokar ta ba ta shi ne iyakarta.

Lauyoyi suna da ja-in-ja a nan. Wasu na ganin tunda sashe na 6 ya ce ikon shari'a ya haɗa da duk wani iko da ke tattare da kotu, to majistare ma yana da rabonsa ko da dokar jiha ba ta ambata ba. Wasu na kafa hujja da sashe na 36(12), wanda ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi a doka tare da hukuncinsa ba. Amma ko waɗanda suka fi faɗaɗa wa ƙaramar kotu sun tsaya a abu ɗaya: hukuncin nan take na abin da ya faru a idonta ne.

Rubutacciyar dokar hukunta laifuka da aka daɗe ana aiki da ita a arewa ita ce Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 155 ya ce duk wanda da gangan ya ci mutuncin ma'aikacin gwamnati ko ya katse shi yayin da yake zaman shari'a ya yi laifi, kuma a asalin rubutun hukuncin bai wuce ɗaurin wata shida ba, ko tara, ko duka biyun. A kudu, sashe na 133 na dokar laifukansu ya sa wata uku. A lura da sharuɗɗa biyu da ke cikin sashen namu: da gangan, da kuma yayin zaman shari'a. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi yana magana da ƙarfi bai yi da gangan ba. Wanda ya ƙi gaishe da alƙali a wurin ɗaurin aure bai yi a zaman shari'a ba.

Tsohuwar dokar CPC, wadda ta tsara yadda ake gudanar da shari'ar laifuka a arewa, ta ƙara matse abin. Ta ce idan aka yi irin wannan laifi a gaban kotu, alƙali zai iya sa a tsare mutumin, kuma kafin kotu ta tashi a wannan ranar ya yanke masa ƙaramar tara, in ya kasa biya a ɗaure shi na ɗan gajeren lokaci. Dole ya rubuta abin da ya faru, da abin da mutumin ya faɗa don kare kansa, da hukuncin da ya yanke. Idan yana ganin laifin ya cancanci hukunci mai nauyi, sai ya tura maganar gaban wani alƙali. Idan kuma mutumin ya nemi afuwa, kotu na iya sallamarsa. Tun bayan dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 jihohi suka riƙa maye gurbin CPC da sababbin dokokinsu, amma hikimar da ke cikin tsarin tana nan: alƙalin da aka zaga shi ne wanda aka yi wa laifi, shi ne shaida, shi ne mai gabatar da ƙara, shi ne kuma mai yanke hukunci. Babu wani wuri a shari'a da ake yarda mutum ɗaya ya haɗa waɗannan huɗun. An yarda a nan ne don lalura, saboda haka aka taƙaita abin da zai iya yi da hannunsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne malaman fiƙihun Malikiyya sun riga sun ja wannan layi ƙarnoni kafin Turawa su zo da dokarsu. Alƙalan kotunan shari'armu sun san Mukhtasar na Shaihu Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, su ne littattafan da ke kan teburinsu. Tuhfa ta ce wanda ya yi wa alƙali rashin ladabi, ladabtar da shi ya fi, haka ma wanda ya ci mutuncin shaida. Khalil ma ya ambaci ladabtar da wanda ya munana wa alƙali, amma nan take ya yi togaciya: ban da wanda ya faɗi irin "ka ji tsoron Allah a cikin lamarina", wannan sai alƙali ya tausasa masa. Masu sharhin littafin kuma suka bayyana cewa ana nufin munanawar da aka yi a majalisar hukunci, domin kare alfarmar majalisar. Idan a wani wuri aka zage shi, ba zai hukunta wa kansa ba, sai dai ya kai ƙara gaban wani alƙali in ya so, kuma yafewa ta fi.

Wannan togaciya ta Khalil ta cancanci a tsaya a kanta. Manomi daga ƙauye ya ji an yanke hukuncin da yake ganin an cuce shi, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce: "Allah shi gafarta malam, ka ji tsoron Allah, wallahi gonar ubana ce." Sau nawa irin wannan magana ta jawo wa talaka kwana a gidan yari? Alhali littafin da alƙali ya karanta ya kira wannan jumla da sunanta ya ce a yi mata sauƙi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga kuma hadisin Abu Bakrata da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Babu lokacin da alƙali ya fi kusa da fushi kamar lokacin da aka gaya masa maganar da ta sosa masa rai, kuma a daidai wannan lokaci ne yake yanke hukuncin raini. Alƙali mai hankali yakan ɗage zama na ɗan lokaci, ya shiga ofishinsa, zuciyarsa ta sauka, sannan ya dawo ya tambayi mutumin ko yana da abin cewa. A kotun shari'a ba a rufe magana sai an yi wa mutum izari, wato an tambaye shi ko yana da sauran hujja. Ban ga dalilin da zai sa wanda ake tuhuma da raini ya rasa wannan dama ba.

Kotunan ɗaukaka ƙara na Najeriya sun faɗi kusan irin wannan magana. Shari'ar da lauyoyi suka fi ambata kan ƙananan kotuna ita ce ta Candide-Johnson da Edigin, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 1990. A wata kotun majistare a Kano abin ya faru. Musayar yawu ta kaure tsakanin majistare da wani lauya, ta tambaye shi yaushe ya gama makarantar horar da lauyoyi, ya ƙi amsawa, ta sa aka tsare shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tambayar ba ta da alaƙa da shari'ar da ake yi, kuma ba kowace rashin ladabi ce take zama raina kotu ba. Mai shari'a Achike ya bayyana cewa ba a ba da wannan iko don alƙali ya ɗaukaka kansa ba, kuma ana so a yi amfani da shi da ƙyar, sai inda ya zama dole. Wanda aka tsare a can lauya ne, ya san hanyar da zai bi har ya samu gaskiyarsa. Mai sayar da rake a Talata Mafara bai san wannan hanya ba.

A kan rainin da aka yi a wajen kotu kuwa, Kotun Ƙoli ta yi magana tun 1971 a shari'ar Boyo da Antoni Janar na Jihar Yamma ta Tsakiya. Ta nuna cewa idan abin bai faru a idon alƙali ba, har sai an kawo shaidu kafin a tabbatar da shi, to hanyar da ta dace ita ce a kama mutum, a tuhume shi, a yi masa shari'a a gaban wani alƙali dabam. A 1975, a shari'ar Deduwa, wasu masu ƙara ne suka rubuta wasiƙa suna neman a ɗauke shari'arsu daga hannun alƙalin da ke saurarenta. Alƙalin ya sa su a akwatin shaida ya riƙa yi musu tambayoyi da kansa, sannan ya hukunta su. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Waɗannan alƙalan babbar kotu ne aka taka wa birki, balle na ƙaramar kotu.

Wannan ya shafi zamanin da muke ciki kai tsaye. Matashi ya rubuta a Facebook cewa hukuncin da aka yanke wa yayansa zalunci ne, ko wata ta aika saƙon murya a WhatsApp tana zargin alƙali da karɓar na goro. Wani ya kai wa alƙali. Alƙali ya aika da sammaci, mutumin ya zo, ya karanta masa rubutun, ya tura shi ajiya. Wannan ya wuce huruminsa. Ba ina cewa rubutun ba laifi ba ne. Zargin alƙali da cin hanci ba tare da hujja ba ɓata suna ne, kuma sashe na 39 na tsarin mulki da ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki ya yarda a yi dokokin kare martabar kotuna. Amma hanyar ita ce a kai ƙorafi ga 'yan sanda ko ma'aikatar shari'a, a shigar da ƙara a wata kotu, wanda ake zargi ya samu lauya da beli, a kuma ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar, kamar yadda sashe na 36(5) ya tanada.

Sai maganar bijire wa umarnin kotu, inda talaka ya fi shan wahala. Sashe na 35 na tsarin mulki ya yarda a tsare mutum idan ya ƙi bin umarnin kotu, kuma ba don haka ba da hukuncin kotu ya zama takardar banza. Mijin da aka umarta ya riƙa ba da kuɗin ciyar da 'ya'yansa, yana da hali ya ƙi, dole a samu abin da zai tanƙwara shi. Amma a kotunan da ke bin dokar zartar da hukunci ta tarayya akwai matakai: a fara miƙa wa mutum Fom 48, wanda ke gargaɗinsa kan sakamakon ƙin bin umarnin, sannan Fom 49, wanda ke kiransa ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi. Kotunan sama sun sha rushe ɗauri saboda an tsallake ɗaya daga cikinsu. A Nuwamban 2022 wata babbar kotu a Abuja ta ba da umarnin ɗaure shugaban EFCC na lokacin, Abdulrasheed Bawa, saboda ƙin bin umarninta, kuma a ƙarshen watan Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ɗaurin wata uku. Dukansu biyu lauyoyinsu sun koma kotu, aka janye umarnin, babu wanda ya kwana a gidan yari. Damar da manya suka samu ta a saurare su kafin a rufe su, ita ce dai dokar ta tanadar wa kowa.

A jiharmu akwai abin da ya kamata kowane alƙali ya sa a ransa kafin ya ce wani ya raina sammaci. Mutumin da ke zaune a yankin Ɗansadau ko Zurmi ko Shinkafi, akwai ranar da hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Akwai wanda aka kai sammaci gidansa alhali garin gaba ɗaya ya watse, yana gudun hijira a Gusau ko Ƙauran Namoda. Akwai wanda kotu ta umarta ya biya bashi, amma ya sayar da shanu da gona ya biya kuɗin fansar ɗansa. Ƙi daban, kasawa daban. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce idan wanda ake bi bashi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi, kuma malamai sun bambanta tsakanin mai hali da ke taurin bashi da matalaucin da ba shi da komai. Tambaya ɗaya kafin a sa hannu a takardar ɗauri za ta raba su: me ya hana ka?

Idan an riga an ɗaure mutum, abu na farko da 'yan uwansa za su nema shi ne kwafin bayanan zaman kotu daga hannun rajistara, domin a nan za a ga ko an rubuta kalaman da ya furta, ko an gaya masa laifinsa, ko an ba shi damar magana. Neman afuwa a gaban alƙalin da ya yanke hukuncin shi ne hanya mafi sauri, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai ɗaukaka ƙara tare da neman beli. Akwai zuwa Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki don neman kare 'yancin ɗan Adam. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi. Ƙorafi kan halayyar alƙalin ƙaramar kotu kuma ba Majalisar NJC ta Abuja ake kai wa ba, ita manyan alƙalai take kula da su. Hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha, wadda Babban Jojin Jiha ke shugabanta, ita ke naɗa alƙalan ƙananan kotuna, ita ke ladabtar da su.

Matsalar duk waɗannan hanyoyi ita ce lokaci. Ɗaurin raini gajere ne, ɗaukaka ƙara kuwa doguwa ce. A Yulin 2022 Babbar Jojin Akwa Ibom ta tura lauya Inibehe Effiong gidan yari na wata ɗaya, ƙungiyar lauyoyi ta yi ta magana, jaridu suka yi ta rubutu, amma sai da ya cika watansa kafin ya fito. Wanda aka ɗaure mako biyu daga wata kotu a Bukkuyum zai gama zaman kafin a buga takardun ƙararsa. Shi ya sa nake ganin gyaran ya fi ƙarfi idan ya zo daga sama tun kafin a kai ga ƙorafi. Babban Joji da Alƙalin Alƙalai suna da ikon ba da umarnin aiki ga kotunan da ke ƙarƙashinsu. Za su iya wajabta cewa duk alƙalin da ya tura mutum gidan gyaran hali saboda raini ya rubuta ainihin kalaman da aka furta, da sashen dokar da ya dogara da shi, da amsar da mutumin ya bayar, ya kuma aika da kwafi zuwa ofishin sufetocin kotuna a Gusau cikin kwana biyu, a duba shi tun mutumin yana tsare.